Na koma Linux Mint, amma faifan ajiyata ya ƙi karɓar rubutu

Assalamu alaikum 'yan uwa masana kwamfuta, don Allah ina neman taimako.

Tun da aka daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro ranar 14 ga Oktoba 2025, kwamfutar gidanmu ta shiga tsaka mai wuya, domin ba ta da TPM 2.0, wato na'urar tsaron da Windows 11 ke buƙata. Sai na goge Windows ɗin na saka wani tsarin gudanar da kwamfuta mai suna Linux Mint 22. Gaskiya tana gudu fiye da da, har yara suna yin aikin makaranta da LibreOffice ba tare da ƙorafi ba.

Matsalar tana ɓangaren faifai da ake kira D, mai tsarin ajiyar fayiloli na Windows, wato NTFS, wanda ban taɓa shi ba. Hotunan bikin ƙanwata da takardun shago duk suna can. Suna buɗuwa lafiya lau, amma ba na iya ajiye sabon abu ko goge tsoho, maɓallin liƙawa ma a dushe yake. Da na haɗa faifan ta Terminal, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, saƙon da ya fito ya nuna Windows bai rufe shi tsaf ba, wato dai tsarin saurin kunna kwamfuta na Windows (Fast Startup) ne ya bar shi a kulle. To ga shi babu Windows ɗin da zan koma in kashe wannan tsarin.

Shin umarnin ntfsfix, na gyaran faifan NTFS, zai warware wannan ba tare da ya lalata fayiloli ba? Ko dole sai na kwashe komai na mayar da faifan zuwa ext4, tsarin ajiyar fayiloli na Linux? Kayan sun kai gigabait 300, kuma ba ni da faifan waje mai wannan girma.

Na gode, Allah ya saka da alheri.