Tun da na fara allurar rage ƙiba na kasa zama cikin mota, ku ba ni shawara

'Yar Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Atamfa da leshi nake sayarwa a kasuwar Kejetia a Kumasi, duk sati biyu ina zuwa Akra sarin kaya, shekara tara ke nan. Bayan haihuwata ta huɗu na kai kilo 104, gwiwa ta hana ni sakat. Ranar sunan ɗan ƙanwar maigida, yayarsu ta ce a gaban mutane wai a kawo mini benci kada in karya musu kujerar roba. Aka yi dariya, ni ma na yi, na koma gida na yi kuka. Ba yau ta fara ba, tun ina amarya take nemana da magana. Shi ya sa na fara allurar nan ta sati-sati, semaglutide aka rubuta a jikinta. Sati 10 yanzu, na sauke kilo 12.

Matsalar ita ce mota. Da har waakye nake ci a hanya. Yanzu kafin mu kai Konongo zuciyata ta fara tashi, zuwan ƙarshe sau biyu na yi amai a leda kafin Nkawkaw. Ko motar trotro zuwa Tafo sai na sauko ina layi. Kuma in na juya dama a kan gado ɗakin ya yi ta juyawa da ni, haka ma in na ɗago daga sujada. Kunnen hagu kuwa muryata nake ji a ciki kamar ina magana a tulu. Asabar mai zuwa dole in yi tafiya. Wane magani zan sha?

Hajiyar Alabar:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki jefar da allurar nan yau yau. Jininki ne ya ƙone, ba wani abu ba. Kilo 12 a wata biyu da rabi, ke kaza ce da za a fige? Ki samu zogale da hanta da madara, sati ɗaya jirin zai tafi. Ni shekarata 58 da ƙibata, har Makka na je na yi ɗawafi da ƙafata.

Maman Biyu:
Wallahi dangin miji ne matsalar. Ni tawa uwar mijin ramewa ta ce na yi, wai na sa ana zagin ɗanta ba ya ciyar da ni. Ka yi ƙiba magana, ka rame magana. Ki tauna ɗanyar citta a mota, ki zauna gaba, ki ajiye waya.

Nas daga Nima:
Anti sannu. Abin da kika lissafa ba ciwo ɗaya ba ne. Allurar tana sa abinci ya daɗe a ciki bai wuce ba, shi ya sa tashin zuciya da amai suke cikin illolinta da aka fi sani, to a haɗa da jijjigar mota ta awa biyar. Amma juyawar ɗaki in kin juya a gado, idan ba ta kai minti ɗaya take tsayawa ba, ta fi kama da BPPV: wasu 'yan ƙananan duwatsu ne a can cikin kunne suke gocewa daga wurinsu. Likitan kunne yana mayar da su ta hanyar jujjuya kai da ake kira Epley, ba ƙwaya ake sha ba. Jin muryarki a kunne kuma yana faruwa ga wanda ya rame da sauri, kitsen da ke riƙe 'yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro ya ragu, sai ta zauna a buɗe. In kin kwanta yana lafawa? Allurar nawa kike yi yanzu, wa ya rubuta miki, kuma kina shan wani magani?

'Yar Aboabo:
E, in na kwanta kunnen yana daidaita. 1 mg nake yi. Na yi 0.25 sati biyu ban ga komai ba sai na ƙara. Ƙanwar ƙawata ce take kawowa daga Ingila, mutuniyar kirki ce, ita ma shi take yi. Maganin hawan jini kawai nake sha, shi kuma tun da daɗewa.

Nas daga Nima:
Anti ai kin ɓoye babban. Ƙa'idar ita ce 0.25 sati huɗu, sannan 0.5 sati huɗu, kafin a je 1. Kuma mai shan maganin hawan jini in ya rame, ga amai ga rashin shan ruwa, jinin na iya sauka ƙasa, jiri ya zo in ya miƙe. Ki je a auna hawan jininki a kwance da a tsaye kafin Asabar, kada ki daina maganin da kanki. Sannan ki kai biron allurar a duba. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun semaglutide da aka samu a Brazil da Ingila da Amurka. Akwai sashen kunne a asibitin Komfo Anokye. In jin kunnen ya ragu farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, kada ki jira gari ya waye.

Hajiyar Alabar:
Duk wannan dogon Turanci maganata ce. Jini ne. Asibiti kuma za ki wuni a layi su rubuto miki gwaji na sidi ɗari-ɗari. Ni da na kai mahaifiyata wani asibiti tun asuba, sai la'asar aka gan mu, paracetamol muka dawo da shi. Zogale.

Baban Asawase:
Ku gafarce ni na shigo zancen mata. Ki sayi cinnarizine a kemis ki sha awa biyu kafin mota ta tashi, matata shi take sha in za mu Tamale. Yana sa barci dai, ki riƙe jakarki da kyau.

Nas daga Nima:
Baba, maganin zai iya rage amai a hanya, amma ba zai gyara kunnen ba, kuma mai jiri in ya ƙara da maganin da ke sa barci faɗuwa ba wuya. Ta fara aunawa.

'Yar Aboabo:
Na gode duka, amma kamar ba ku fahimce ni ba. Allurar nan ba jabu ba ce tunda tana aiki, kuma kullum a firij take, in an ɗauke wuta ina kai ta gidan maƙwabta. Ba zan koma 0.5 ba, sauran kilo 8 kafin bikin ƙanena, kuma matar nan za ta zo. Hajiya ki yi haƙuri, ke ba a ce a kawo miki benci ba. Asibiti sai na dawo, kayan salla ba sa jira.

Hajiyar Alabar:
To Allah ya kiyaye hanya. Ki dai tafi da leda uku.

'Yar Aboabo:
Baba, ƙwaya ɗaya matarka take sha ko biyu?