An wanke ƙanena amma hotonsa na nan yana yawo

Baban Khalifa: Jama'a ku taya ni ji. An kama ƙanena a wani samame da aka kai unguwarmu, aka ɗauki zanen yatsunsa, aka zaunar da shi a ƙasa cikin wasu matasa, gabansu wuƙaƙe da almakasai, aka watsa hoton a Facebook da sunan 'yan daba. Kotu ta wanke shi. Yanzu ya samu aikin tuƙi a Katar, an ce sai ya kawo takardar 'yan sanda mai nuna ba shi da tarihin laifi. Wa ya ba su ikon riƙe bayanan wanda bai yi komai ba, kuma su wa suke ba wa?

Ɗalibar Lauya: Yaya, Allah ya kyauta. Amma wanke shi aka yi ko sallamarsa? In mai gabatar da ƙara ya daina zuwa, alƙali ya kori ƙarar, wannan sallama ce, ana iya sake gurfanar da shi. Wankewa sai an saurari shari'a an ce bai aikata ba.

Baban Khalifa: Ƙanwata, yaro yana kwana a ɗakinsa, me ya rage?

Ɗan Bariki: Ashe ma ba a wanke shi ba. Kullum haka kuke, ɗanku ba ya laifi. In an ƙwace muku waya a bakin titi ku zagi 'yan sanda, in sun kama ku ce zalunci.

Maman Ilham: Kai yaro, ka iya bakinka. Ka san shi ne? Wanda Allah ya wanke, ba sai alƙali ya buga masa hatimi ba.

Ɗan Bariki: Hajiya, mahaifina shekara da shekaru yana wannan aikin, ya sha dawowa gida da sara a hannu. Ba na jin kowa ya taɓa zuwa duba shi a cikinku.

Malam Na Tsakiya: Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Ke nan wankakke ne tun asali. Jihar Legas ma tun 2021 ta haramta yin holin waɗanda ake zargi gaban 'yan jarida.

Ɗan Bariki: Nan ba Legas ba ce, Malam.

Ɗalibar Lauya: Malam, a takarda bambancin yana da nauyi. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, sashe na 15, ta ce a rubuta bayanan wanda aka kama, har hoto da zanen yatsu. Sashe na 16 ya kafa babbar rajistar masu laifi, ya ce a aika mata hukuncin kotu cikin kwana 30. To abin da alƙali ya rubuta shi zai tafi can, ba abin da dangi suka fahimta ba.

Maman Ilham: Ke kuma tun ba ki gama makarantar ba kin fara kare su.

Ɗalibar Lauya: Mama, ba kare kowa nake ba wallahi.

Baƙon Maraɗi: Ni abin da ke damuna, akwai tsarin WAPIS da hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, ta kafa da kuɗin Tarayyar Turai, don 'yan sandan Afirka ta Yamma su riƙa musayar bayanai. In suna ya shiga bisa kuskure, wa zai cire shi?

Ɗan Bariki: Ku da kuka fice daga ECOWAS, ina ruwanku?

Baƙon Maraɗi: Ƙasa ce ta fice, ni 'yan uwana na Katsina, duk mako ina tsallaka iyaka ta Jibiya.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta: kowa ya yarda an zalunci yaron nan kuma an wanke shi, mutum ɗaya ne ya tsaya kare abin da ba a iya karewa. Dokar kare bayanai ta 2023 tana nan, Baban Khalifa ya kai ƙorafi hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.

Ɗalibar Lauya: Shugaba, da girmamawa, ni ban ce an wanke shi ba. Kuma dokar 2023 ɗin ta sassauta wa hukumomi a kan binciken laifi. Yaya, ka je wurin magatakardan kotun ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, mu ga abin da aka rubuta kafin a nemi takardar 'yan sandan.