Dila ya ce 'yar Dubai ce amma malejinta na Amurka, ya zan gane?

Mai Neman Mota:
Salam 'yan uwa, don Allah masu sanin harkar mota ku taimaka min. Akwai wata RAV4 ta 2008 da nake ciniki, dilan ya ce 'yar Dubai ce shi ya sa ya ɗora mata kuɗi, wai esinta ya fi sanyi kuma injinta na jure zafinmu. Na duba lambar shasi da J ta fara, ya ce ai ka gani ba ta Amurka ba ce. To amma malejin manyan lambobin na mil ne wato mph, na kilomita wato km/h ƙanana a ciki, abin ya tsaya min a rai wallahi, kuɗin nan na daɗe ina tara su. Ya ake bambance 'yar Amurka da 'yar Beljiyam da 'yar Dubai?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka biya tukuna. Harafin farko na lambar shasi inda aka ƙera motar yake nunawa, ba ƙasar da aka ƙera wa ita ba, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. J Japan, 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, W Jamus, K Koriya. RAV4 ta 2008 a Japan aka yi ta ko da kuwa Amurka za a kai ta, saboda haka J ɗin nan bai wanke shi ba.

Ka koma ka duba fitilun gaba, 'yar Amurka tana da ɗan ruwan lemo a gefen fitila, a baya kuma ja a gefe. Sannan madubin ɓangaren fasinja, in rubutun da ke ƙasansa da Turanci ne kaɗai to ka san inda ta fito, ta ƙasashen Larabawa da Larabci ake rubuta shi. Ka buɗe ƙofar direba akwai sitika a jikin ginshiƙi, ta Amurka tana faɗin motar ta cika ƙa'idar gwamnatin tarayyarsu har da wata da shekarar da aka ƙera ta. In an ɓamɓare sitikar nan ni dai gaskiya ajiye motar nake yi in tafi.

Tsohon Direban Kwatano:
Maganar oga bakanike haka take. In ƙara maka, ana iya ɗauko mota daga Dubai amma ba 'yar Dubai ba ce, domin akwai masu sayen motocin gwanjo na Amurka, waɗanda suka yi hatsari ko ruwa ya ci, su kai Sharjah a gyara a yi fenti sai a sake lodinsu zuwa Afirka, to ka ga dilan zai iya rantsuwa daga Dubai ta zo kuma bai yi ƙarya ba, amma ba abin da kake biya ke nan ba. Ka sa lambar shasin guda 17 a Carfax, shafin intanet mai nuna tarihin mota, ko ma a Google kawai, sau da yawa hotunanta na wurin gwanjo suna fitowa.

'Yar Beljiyam kuwa, wato ta Turai, fitilar hazo take da ita a baya, ja mai ƙarfi, siginar baya ruwan lemo, wurin lamba dogo siriri, kuma yawanci giyar hannu. RAV4 ta Turai ma ta fi ta Amurka gajarta, injinta 2.0 ko dizal, ta Amurka 2.4 ko V6 3.5. Wannan fa ba ƙaramar magana ba ce ranar da ka je sayen safaya, na taɓa yin sati ina neman fitila saboda wannan bambancin.

Hajiyar Zariya:
Ɗana ka lura da lissafin malejin ma. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗori, in ta nuna 120,000 to wajen kilomita 193,000 ke nan. Ni tawa 'yar Kanada ce, kilomita take nunawa amma sauran komai irin na Amurka, sitikokinta Turanci da Faransanci, kar wani ya ga km/h ya ce maka ai ba ta can ba ce. Kuma ka tabbata takardun kwastam lambar shasin da ke jiki ta yi daidai da ta gilashin gaba.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Hajiya ta tuna min da 'yan Japan na asali, waɗanda aka juya wa sitiyari daga dama. Su lambar shasinsu ba ta kai 17, kuma rediyonsu na da daga 76 zuwa 90 yake tsayawa, ko Freedom 99.5 ba zai kama ba. Wannan ita na fi jin tsoro, don aikin juyin in ba gwani ya yi ba rai ne a ciki.

Mai Neman Mota:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na dawo daga wurin, madubin Turanci ne, ruwan lemon ma yana nan a fitila, sitikar ƙofa kuma ta Amurka ce. Na faɗa masa, ya ce shi ma haka aka sayar masa. Motar ta kwanta min a rai gaskiya, amma sai na ga tarihinta tukuna, in ba ta ci ruwa ba zan taya a farashin 'yar Amurka. Oga bakanike ko za ka samu lokaci ran Asabar mu je ka duba min ƙarƙashinta?