Neman gidan haya a Alƙahira: a ba Baban Khadija shawara

Baban Khadija: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya aka saka ni a nan. Na yi ritaya bara bayan shekara 35 a aikin gwamnatin tarayya. Likitoci sun ce gwiwar uwargida sai an sauya ta, sannan a bi da gashin ƙashi na watanni. Autanmu dama yana Azhar, shi ya sa muke tunanin mu tattaro mu zauna Alƙahira, ko da shekara biyu ce. Wace unguwa ce ta dace da tsofaffi biyu masu cin fansho? Yaron ya ce Hayyul Ashir, amma shi ɗalibi ne, ko a tabarma ya kwana daidai ne a wurinsa.

Malam Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Maraba da Alhaji. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Hajiyar Rehab: Amin. Alhaji, Rehab kawai. Ba hayaniya, ga masallatai, ga wurin da Hajiya za ta riƙa taka ƙafa da yamma ba tare da tuktuk ya bi ta kanta ba.

Malam Bazazzagi: Hajiya, cewa ya yi yana cin fansho, bai ce yana da rijiyar mai ba.

Hajiyar Rehab: Malam, kai komai tsada ne a wurinka. Ko ruwan Nilu aka ce ka saya sai ka nemi ragi.

Kanar Mai Ritaya: Alhaji, kafin a kai ga unguwa bari in ba ka labarin abin da ya same ni, don ni da kuɗina na sayi darasin. Ina Kaduna aka haɗa ni da wani simsar, dillalin gidaje ke nan a bakinsu. Ya turo mini bidiyon gida, falo fes, kujeru, firji, har da labule. Mafrush suke ce wa irin wannan, wato da kayansa. Na ji daɗi, na tura kuɗin wata shida, da ta'amin na wata biyu wanda ake ajiyewa saboda ɓarna, da la'adarsa ta wata guda. Duk ban taka ƙasar ba.

Muka sauka a watan Janairu da tsakar dare. Abin da bidiyo bai nuna ba shi ne gidan yana hawa na shida. Akwai asansir, wato lif, amma da ɗan makulli yake aiki, kuma waɗanda suka biya kuɗin gyaransa kawai ke da shi. Mai gidan namu bai taɓa biya ba. Ni da na yi shekaru ina fareti sai da na huta sau biyu a matakala, bare maiɗakina mai hawan jini. Bawwab, mai gadin ginin, ya tsaya yana kallonmu da akwatuna takwas, sai da na gane yaren da yake ji sannan ya sa hannu. Ga sanyi. Wanda bai yi hunturun Alƙahira a cikin gidan tayil ba bai san sanyi ba, ku bar batun Jos. Tagogin ba sa rufuwa da kyau, bargon da ke gidan kamar gyale.

Duk wannan mai sauƙi ne. Da lokacin neman iƙama, wato takardar izinin zama, ya yi aka ce in kawo takardar haya mai hatimin Shahrul Aƙari, ofishin da ke tabbatar da kwanan watan yarjejeniya. Na nemi mai gida mu je, yau ciwo gobe tafiya. Ashe ba shi ne mai gidan ba. Shi ma haya ya kama, ya ɗora riba ya ba ni. Mai gidan na gaskiya yana ƙasar waje, bai ma san da zamana ba. Simsar kuwa wayarsa ta daina shiga tun ranar da ya karɓi nasa. Wata uku na yi na fita, na bar musu sauran kuɗin da ta'amin ɗin gaba ɗaya. Don haka Alhaji, kada ka tura ko sisi daga gida. Ka zo da ƙafarka, ka hau matakalar da kanka, ka buɗe famfo ka ga ko ruwa yana hawa, ka ce a nuna maka katin ɗan ƙasa na mai gida da rasidin wuta, ka duba ko suna ɗaya ne. Kuma ka faɗa masa tun farko cewa za ku je Shahrul Aƙari. In ya fara sosa ƙeya, kama hanyarka.

Baban Khadija: Innalillahi. Yallaɓai, Allah ya mayar da alheri. Wallahi jiya yaron ya turo mini bidiyo irin wannan.

Ɗan Damagaram: Kanar guda aka yi wa haka? Ina bindigar take a lokacin?

Kanar Mai Ritaya: Na miƙa ta tare da kaki.

Malam Bazazzagi: Ni dai Hayyus Sabi nake, shekara ta huɗu ke nan. Duk Madinatu Nasr ce, amma ta fi Ashir natsuwa, asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje a ko'ina, kuma yaronka ba zai yi nisa da jami'a ba. Ka nemi hawan ƙasa ko na farko. Sai dai ka tambaya da kyau, don wani in ya ce na farko, akwai shaguna a ƙasa da wani rabin hawa a tsakani, sai ka ga matakala talatin. Kuma ka karanta wurin da aka rubuta ƙarin shekara. Yawanci kashi 10 cikin 100 suke sawa, amma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jama'a suka kwararo, masu gidaje sun daina jin kunya. Nawa da wa'adi ya cika ninkawa ya yi, ya ce in ban so akwai masu jira a ƙofa.

Maman Ihsan: Haka aka yi mana a Faisal. Muka koma Sitta Oktoba, kusa da masallacin Husari. Akwai sarari, akwai iska, amma Alhaji in asibitinku yana Madinatu Nasr kada ka soma, hanya za ta cinye ku. Ku fara sanin likitan da zai yi aikin, sai ku nemi gida kusa da inda za a riƙa gashin, don kusan kullum za ku je.

Akanta: Duk kuna maganar gida, ba wanda ya tambaye shi da wane kuɗi zai biya. Alhaji, fanshonka da naira yake shigowa. Kafin Yunin 2023 dala a banki ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Abin da ya ɗan cece mu shi ne su ma a Maris ɗin 2024 sun saki nasu kuɗin, dala ta tashi daga fam 31 zuwa kusan 50. To amma kaya sun bi ta. Ka lissafa hayarka da dala, ka ga ko abin da PFA ɗinka, kamfanin da ke kula da fanshonka, ke turo maka duk wata zai ɗauka, ba tare da ka taɓa garatuti ba. In sai ka taɓa, zaman shekara biyu ba naka ba ne, ku yi aiki ku koma. Na biyu, kada ka sayar da gidanka na gida. Na uku, layin wayarka na Najeriya da ke haɗe da BVN ka riƙa sa masa kati, in ya mutu aka ba wani, lambar sirrin banki can za ta riƙa zuwa.

Ɗan Damagaram: Mu dai sefa tamu tana ɗaure da yuro, 655 da 'yan kai, ko ana ruwa ko ana rana. Ku zo mu ranta muku.

Malam Bazazzagi: Ji mai jika biyar a aljihu yana wa mutane burga.

Ɗan Damagaram: Jika biyar ɗin da ba ta ramewa ta fi buhun da ake aunawa a Wapa.

Akanta: Af, batun canji. Nan ba Wapa ba ce. Canjin bayan fage laifi ne babba, ana kama mutane a kai. Banki ko sarrafa, wato shagon canji, mai lasisi, kuma ka ajiye rasidin, ana iya neman sa wurin iƙama.

Baban Khadija: Na gode Akanta. Iƙamar fa, akwai ta 'yan fansho ne kamar yadda na ji ana yi a Dubai?

Kanar Mai Ritaya: Yawancinmu ta yawon buɗe ido muke sabuntawa a Abbasiyya. Da a Mugamma ta Tahrir ake yi, a 2019 aka mayar da ofishin can. Jirgin ƙasa layi na uku yana tsayawa Abbasiyya. Ka je da sassafe da hotuna da kwafin komai biyu biyu. Kada ka bari ta ƙare maka, a 2023 sun sa dala 1,000 a kan masu zama ba takarda da ke son gyara zamansu.

Hajiyar Rehab: In mutum ya sayi gida na dala 50,000 ana ba shi ta shekara guda, na 100,000 shekara uku.

Malam Bazazzagi: Kun ji ta ko? Ta dawo da rijiyar man.

Liman: Ni da za a bi ta tawa, wanda ya tsufa Madina ya kamata ya nufa, ba ƙasar Fir'auna ba.

Akanta: Allah gafarta Malam, iƙamar dindindin ta Saudiyya riyal 800,000 ce, ta shekara kuma 100,000. In akwai a zauren nan ya ɗaga hannu.

Liman: To Allah ya kai mu da Umara.

Maman Ihsan: Malam, ƙasar Annabi Yusuf ce ma ai, kuma Imamu Shafi'i a nan yake kwance. Ka daina ce mana Fir'auna, jikokina suna karanta zauren nan a wayata.

Liman: Na janye, Hajiya.

Maman Ihsan: Alhaji, ka gaya wa Hajiya ta taho da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, mai yawa. Ɗanyar kuɓewa akwai, bamiya suke ce mata. Zoɓo kuwa har ya fi namu yawa, karkade. Lalo ma akwai, shi ne mulukiyya, sai dai su da tafarnuwa suke kashe shi. Garin masara da dawa ana samu wurin 'yan Sudan. Abin da ba za ta samu ba shi ne maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana. Shekarata ta farko kuka nake yi duk Juma'a, ba biki ba suna ba gaisuwar mutuwa, sai bango huɗu da talabijin. Ku maza kuna da masallaci da gahawa. Ka ba ni lambarta ta gefe in saka ta a zauren mata, muna haɗuwa karatu ranar Talata.

Hajiyar Rehab: Mulukiyya ba lalo ba ce, ɗanɗanon daban.

Maman Ihsan: Ganye ɗaya ne Yaya, kanwa ce babu.

Hajiyar Rehab: Ni dai bakina bai yarda ba.

Ɗan Damagaram: A kawo kwano biyu gidana in yanke hukunci.

Kanar Mai Ritaya: Wani abu da na manta. Wayar da ka shigo da ita, in ka sa mata layin Masar, bayan kwana 90 za su rufe ta sai an biya haraji. Tun farkon 2025 aka fara. Ka bar layin gida a tsohuwar, ka sayi ƙarama a nan.

Baban Khadija: Ikon Allah. To yanzu dai Sabi ko Oktoba? Na ɗan rikice.

Malam Bazazzagi: Sabi.

Hajiyar Rehab: Rehab.

Maman Ihsan: Likita tukuna, Alhaji.

Akanta: Lissafi tukuna.

Liman: Wai wa zai taso daga Kano a jirgin EgyptAir na makon nan? Maganin gargajiyata na basir ya ƙare, ƙulli ɗaya ne, ba nauyi.

Kanar Mai Ritaya: Malam, garin magani a leda ba suna ba takarda, a filin jirgin Alƙahira? Kada ka jefa bawan Allah cikin bayani.

Ɗan Damagaram: Alhaji Baban Khadija ne zai zo ai. Kilo 23 sau biyu, shi da Hajiya jaka huɗu ke nan. Ni a saka mini kilishi.

Maman Ihsan: Ni daddawa, ta Hajiya daban tawa daban.

Baban Khadija: Jama'a, ko biza ban karɓa ba tukuna.

Ɗan Damagaram: Ba komai, kilishi ba ya lalacewa. Mai ƙuli nake so, kada a cika yaji.