Mai sikila: zafin ciwo ne ke karya shi ko yanke ƙauna?

Kawu: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana, wanda zai ji haushi ya ji. Mai sikila ba zafin ciwon ne ke karya shi ba, yanke ƙauna ne. Lokacin da nake koyarwa na ga yara biyu masu jinin SS, wato sikila, ciwonsu iri ɗaya, ɗaya ya gama makaranta yana sana'arsa har da iyali, ɗayan kuwa tun yana saurayi ya ce shi kam ba zai kai talatin ba, daga nan ya bar karatu ya bar fita ya bar komai. In zuciya ta tsaya jiki zai bi ta.

Jaruma SS: Kawu ina wuni. Ba rashin kunya ba amma "ciwonsu iri ɗaya" ɗin nan da wane sikeli ka auna? Ni da ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, duk SS ne, ita sai ta shekara ba ta kwanta asibiti ba, ni kuwa hunturu na shigowa na san na shiga uku. In ya tashi min ji nake kamar an sa ƙasusuwana a turmi ana dakawa, a wannan lokacin wlh ba zancen ƙarfin zuciya, sunana ma in ka kira ban sani ba.

Kawu: 'Yata ai ban ce babu zafi ba. Cewa na yi zafi yana zuwa ya wuce, amma wanda ya fid da rai ko ranar da yake lafiya ƙalau ba ya morar ta.

Jaruma SS: To nan ne kuskuren Kawu, wa ya ce yana wucewa?

Likita: Bari in shigo nan, don wannan gaɓar ce mutane da yawa ba su sani ba. SS biyu ba lallai ciwonsu ya zo ɗaya ba. Akwai wani nau'in sinadarin jini da jariri ke zuwa da shi daga ciki, ana ce masa himogulobin F, yana hana jajayen ƙwayoyin jini lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi. Wani yana girma da saura mai yawa a jikinsa, wani kaɗan, shi ya sa za ka ga 'yan gida ɗaya amma wahalar ta bambanta. Sannan maganar "yana zuwa ya wuce". An yi wani bincike a jihar Bajiniya ta Amurka da aka fitar a 2008, manya 232 masu sikila aka sa suna rubuta yadda suka wuni kullum har wajen wata shida. An samu cewa fiye da rabin kwanakin suna cikin ciwo ne, kuma kashi 29 cikin ɗari nasu kusan kullum ne babu hutu, amma kwanakin da suka je asibiti ba su kai kashi 4 cikin ɗari ba. Ma'ana galibin ciwon a gida ake shanye shi shiru, mu likitoci ba mu gani ba, malamin makaranta bai gani ba, wani lokacin ma iyaye ba su sani ba.

Maman Biyu: Wlh Likita gaskiya ne. Babban ɗana sai ya ɓoye min don ya san in ya faɗa kuɗin asibiti ne zai taso kuma ya ga yadda fuskar babansa ke sauyawa, sai dai in lura ya daina taka ƙafar dama sosai ko ya ƙi cin abinci, yaro ɗan sakandare fa amma har ya iya lissafin aljihun gida.

Kawu: Likita ka faɗi rabi ka bar rabi ko? Faɗa mana, wannan binciken bai ce komai kan zuciya ba?

Likita: Ya ce Kawu, kuma ba zan ɓoye ba don ta ɗan fi karkata gare ka. A cikin mutanen nan sama da kashi 27 cikin ɗari suna da ciwon damuwa. Masu damuwar kwanakin ciwonsu sun kai wajen kashi 71, marasa ita wajen kashi 50. Har ma aka ga damuwa da fargaba sun fi nau'in jinin mutum, wato SS ne ko SC, bayyana yadda yake jin daɗin rayuwarsa.

Kawu: Alhamdu lillahi! To me na ce?

Jaruma SS: Tsaya Kawu kar ka yi saurin shafa fatiha. Mutumin da ciwo ke cinsa kwana 7 cikin 10 ba dole ya shiga damuwa ba? Wanne ya haifi wanne? Kai kana karantawa daga dama ni ina karantawa daga hagu.

Likita: Abin ta hanya biyu yake tafiya gsky. Ciwo yana hana barci, yana hana fita, yana cire mutum daga makaranta da aiki, wannan ya jawo damuwa. Ita kuma damuwar da rashin barci sai su ƙara wa jiki jin zafin, don saƙon ciwo ba kai tsaye yake wucewa ba, tun a laka ƙwaƙwalwa tana iya rage shi ko ta ƙara buɗe masa hanya, wannan bayanin wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka kawo shi tun 1965. Shi ya sa magani irin amitiriftilin, wanda asalinsa na damuwa ne, ake ba da shi ga wasu masu ciwon jijiya mai daɗewa. Amma wannan ba ya nufin ciwon "a kai yake". Ƙashin ƙugun da jini ya daina kai wa ya fara mutuwa, ko gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, babu fatan alherin da zai gyara su.

Hajiya Babba: Ni dai a zamaninmu ba mu san wata damuwa ba, amosani ake ce masa, a yi haƙuri a yi addu'a. Yaran yanzu imani ne ya yi ƙaranci, Musulmi ai ba ya yanke ƙauna.

Jaruma SS: Hajiya kin ga wannan maganar ita ce take kashe mu a tsaye. Kina murƙususu a ce miki imaninki ne ya yi rauni, sai ki koma kina jin ciwo kina kuma jin laifi, abu biyu ke nan.

Ustaz: Hajiya Allah ya ƙara girma, a nan sai an rarrabe. Yanke ƙauna daga rahamar Allah shi ne abin da aka hana, yana nan a suratu Yusuf aya ta 87 a bakin Annabi Yaƙub. Amma shi Annabi Yaƙub ɗin, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a surar nan dai aka ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, kuma babu wanda ya ce imaninsa ya ragu. Annabi Ayyuba ya kai kukansa ya ce cuta ta shafe shi. Manzon Allah (SAW) ya tabbata a Bukhari ya ce zazzaɓinsa kamar na mutum biyu yake, ya kuma taɓa cewa wayyo kaina. To wanda ya ce "na gaji" ba fita ya yi daga haƙuri ba, kuma ladan kankarar zunubi da aka yi wa mara lafiya alkawari bai hana neman magani ba, an ma umarce mu da nema. Mu masu zuwa dubiya mu ne ya kamata mu gyara bakinmu.

Hajiya Babba: To Malam na ji, Allah ya sa mu dace.

Anti Nas: Ni abin da ba wanda ya taɓo shi ne allura. Kawu kana neman inda yanke ƙauna ke fitowa, zo ɗakin gaggawa da daddare ka gani. Matashi ya zo yana ihu, ya ce fenta, wato allurar kashe zafi ta fentazosin, ita ce ke masa aiki, daga ya ambaci sunan maganin shi ke nan an sa masa ido an ce ɗan ƙwaya ne. Kuma ba zan yi ƙarya ba, mu ma muna da dalilin tsoro, na ga waɗanda suka koma sayen fentazosin a kemis suna yi wa kansu har cinya ta taurare ta zama gyambo. Amma ka tambayi yadda suka fara, da yawansu don gudun zaman layi da wulaƙanci ne, mofin kuma da ya fi dacewa da ciwo mai tsanani ba kowane asibiti ke da shi a hannu ba.

Jaruma SS: Anti Allah ya biya ki. Akwai daren da wata ma'aikaciya a wani asibiti ta ce min "ke ba ɗazu kike danna waya ba", wai tunda na iya riƙe waya ƙarya nake. Ban san sau nawa zan faɗa ba, mun saba da ciwon ne har mun iya shiru da shi, in ka yi ihu a ce kana wasan kwaikwayo in ka yi shiru a ce lafiyarka lau. A wannan daren ne na ji gara kawai in huta, ba don zafin ya fi na kullum ba, don na gane ko na zo inda maganin yake ba za a yarda da ni ba.

Kawu: To 'yata ai kin dawo maganata da bakinki. Kin ce ba zafin ba ne.

Jaruma SS: A'a Kawu. Kai ka ɗora abin a kan zuciyata, kamar ni na zaɓa. Ni kuma ina ce maka mutane ne suka saka min shi. Tun ina firamare nake jin ana raɗa wai irinmu ba sa kai ashirin. Na nemi aiki aka ga idona ya yi ɗorawa aka ce za a kira ni. Wanda ya so ni, kuma AA ne fa babu haɗarin haifar SS, danginsa suka ce ba za su auro jinya ba. Wanne daga ciki ƙarfin zuciyata zai sauya?

Baban Khalifa: Maganar aure kam dokar gwajin kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a 2024 ta yi, tunda jinotayif na ciki. Ana cewa duk shekara ana haifar jarirai wajen 150,000 da sikila a Najeriya, mu ne kan gaba a duniya, kusan mutum 1 cikin 4 AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila da zai iya gadar wa 'ya'yansa. Gara a tare daga tushe.

Maman Biyu: Baban Khalifa wannan na waɗanda ba a haifa ba ne. Nawa biyu suna nan a gabana, kuma tun da aka fara wayar da kai sai wasu suka mai da shi abin gori, "ai ku kuka ƙi gwaji", alhali lokacin aurenmu ko sunan gwajin ban taɓa ji ba.

Likita: Komawa kan abin da Jaruma ta faɗa na "gara in huta", don Allah kar a ɗauke shi wasa in an ji daga bakin mara lafiya. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Aaron Beck, ya fitar da ma'aunin yanke ƙauna a 1974, tambayoyi 20 ne na e ko a'a kan yadda mutum ke hango gobensa, kuma da aka bi marasa lafiya na shekaru an ga yanke ƙauna ya fi ita kanta damuwar nuna wanda ke cikin haɗarin hallaka kansa. Don haka a zauna da mutum a tambaye shi kai tsaye, a kai shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa, ba hauka ba ne. Amma ni a aikina abin da na ga ya fi saurin dawo wa mai sikila da fata shi ne ciwon ya ragu. Akwai magani, haidiroksiyuriya, tana ƙara himogulobin F ɗin nan, gwajin 1995 ya nuna ta rage tashin ciwo kusan da rabi a manya, a Kano ma an yi gwaji da ita a Asibitin Malam Aminu Kano don kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Mutum ya yi wata uku bai kwanta ba sai ka ji ya fara zancen komawa makaranta da kansa, ba wanda ya yi masa wa'azi.

Baban Khalifa: Ba an ce an samo maganin warkewa gaba ɗaya ba?

Likita: Dashen ɓargo yana warkarwa, an fara yinsa a Najeriya a Benin a 2011, amma sai an sami wanda jininsu ya dace, galibi ɗan'uwa, ga tsada ga haɗari. Na gyaran ƙwayar halitta, Casgevy, Ingila da Amurka sun amince da shi a ƙarshen 2023, kuɗinsa dala miliyan 2.2. Ka lissafa da naira ka gani.

Maman Biyu: Hmm. Mu dai a bar mu da folik asid da Paludrine na rigakafin maleriya, ita haidiroksiyuriyar ma wani watan sai na zaɓi wanda zan saya wa a cikinsu.

Kawu: Duk na ji, kuma maganar allurar nan ta dame ni gsky. Amma har yanzu ba ku amsa min yaron da ya kwanta tun kafin ciwon ya kwantar da shi ba. Ni na san shi, ciwonsa bai fi na ɗayan ba.

Jaruma SS: Kawu ka taɓa tambayarsa me aka faɗa masa a gida?

Kawu: Ban tambaya ba, lokacin ba a irin wannan hirar da yara.

Anti Nas: Maman Biyu kar ki riƙa raba maganin wata a sha wata a bari, ki faɗa wa likitansu halin da ake ciki a ranar kilinik, wani lokacin akwai ofishin walwala ko masu tallafi da za a haɗa ki da su. Kuma tunda sanyi ya fara, ruwa da yawa, rigar sanyi da safa, wanka da ruwan ɗumi. In zazzaɓi ya kai 38.5 ko kika ji ciwon ƙirji da numfashi sama-sama kar ki jira gari ya waye. Shi kuma babban da ke ɗingisa ƙafar dama a yi masa hoton ƙugu, kar a bari sai ya faɗa da bakinsa.

Maman Biyu: To Anti na gode, Litinin in sha Allahu zan kai shi. Hoton a nan asibitin ake yi ko sai an tura mu waje?