Abin da aka tsayar kan ko ana gadon shanyewar ɓarin jiki

Jama'a, na bi bayanan da aka yi daga farko a tattaunawarmu kan ko ana gadon shanyewar ɓarin jiki daga iyaye, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda cewa wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka samu shanyewar ɓarin jiki, musamman tun ba su tsufa ba, hatsarinsa ya fi na wasu. Galibi abin da ake gada shi ne hawan jini da ciwon suga.

2. Maganar sikila ce ta fi taɓa ni. Yaro mai SS yana iya shanyewa tun yana ƙarami. Masu aikin asibiti sun ce a riƙa kai yaran nan hoton jijiyoyin kai daga shekara 2 zuwa 16, likita ya duba ko za a ɗora su kan maganin sikila da ake kira hydroxyurea. Idan AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila amma ba shi da ciwon, ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS.

3. An rabu kan auren zumunci. Wasu sun ce a rage shi, wasu sun ce gwajin jini kafin baiko ya wadatar.

4. Ba wanda ya musa auna hawan jini a kai a kai, rage gishiri da barin taba. Baki ya karkace ko hannu ya saki, a garzaya asibiti nan take.