Wane suna ya kamata in rubuta wa wannan zanzaron?

Ɗalibi daga Maraɗi: Assalamu alaikum, malamai. Ina tattara sunayen ƙananan zanzaro masu yin ƙwai a jikin tsutsa, tare da wuraren da ake samun su. Wanda ake saki a gonakin gero don kashe murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero, na ga an rubuta shi Bracon hebetor, wani wurin kuma Habrobracon hebetor. Wanne zan ɗauka?

Malamin gona: Wa'alaikumus salam, ɗana. Ƙwaro ɗaya ne, masanin ƙwari Thomas Say ne ya fara bayyana shi, a wani rubutunsa da aka buga a 1836. Ka zaɓi suna ɗaya, ka rubuta ɗayan a ƙarƙashinsa, domin idan ka raba su, taswirarka za ta nuna iri biyu inda guda ne kawai.

Wata malama: Haka yake. Wani zanzaron da cibiyar binciken noma ta IITA ta saki a Najeriya a 1981 saboda ƙwaron rogo ya amsa sunan Epidinocarsis lopezi da Apoanagyrus lopezi kafin Anagyrus lopezi. Abin da ya fi damuna shi ne kwalbar adana ƙwaro da ba ta da takardar bayani. Ka rubuta ƙauye da kwanan wata da tsutsar da ya fito daga jikinta, da fensir, don tawada tana narkewa a cikin ruwan adanawa.